Wane kwas ya fi dacewa da nas mai aiki a sashen hatsari?

Nas ɗin da ke karɓar waɗanda suka yi hatsarin mota ko aka harba, idan ya tashi ƙaro ilimi, hanyoyi biyu ne a gabansa: doguwa da gajeriya.

Doguwar ita ce karatun ƙwarewa bayan kammala makarantar jinya, wanda NMCN, hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, ke sa ido a kansa. Akwai na sashen hatsari da gaggawa, da na ƙashi, da na ƙuna, da na ɗakin kulawa ta musamman, kuma yawanci shekara guda ne ko fiye kaɗan. Asibitocin ƙashi na tarayya da ke Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da Enugu, sun daɗe suna horarwa a wannan layi. Takardar shaidar wannan karatun ce ke shiga fayil ɗinka, ta kuma yi maka amfani wajen ƙarin girma. Sai dai tana son hutun karatu, kuma asibitin da ya sake ka yakan sa ka rattaba hannu cewa za ka dawo ka yi masa wasu shekaru. Na ƙashi yana da daɗi ga mai son karaya da ɗora siminti, amma wanda aikinsa shi ne mintocin farko a bakin ƙofa, na gaggawa ya fi masa.

Gajerun kwasa-kwasan ne ake yawan ruɗewa a kansu. TNCC, kwas ɗin kula da masu rauni, na ƙungiyar nas-nas ta gaggawa ta Amurka ne, kwana biyu, shaidarsa tana yin shekara 4. Tsarinsa mai kyau ne, kuma mai niyyar fita aiki waje zai ga ranarsa. Amma an gina shi ne a kan asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton cikin kai da ma'ajiyar jini a kusa, ga kuma tsada. ATLS, wani kwas ɗin ceton masu rauni, na likitoci ne. ATCN ne takwaransa na nas-nas, kuma tare ake gudanar da su.

Ni dai, ga mai aiki a babban asibitin ƙaramar hukuma a bakin titin Kano zuwa Kaduna, PTC ko BEC zan nuna masa. PTC, kwas ɗin kulawar farko ga masu rauni, kwana biyu ne, an tsara shi don wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci. BEC kuwa, kwas ɗin tushen kulawar gaggawa, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross ta duniya (ICRC) suka fitar a 2018, kwana biyar. Duka biyun jeri ɗaya suke koyarwa: hanyar iska, numfashi, jini, hayyaci, sannan a buɗe jiki a duba ko'ina. Idan aka sauko da mutum shida daga motar kasuwa da tsakar dare, likita ɗaya, wuta ta ɗauke, wannan jerin ne ke hana ka ruga wa mai kururuwa ka bar wanda ya yi shiru, alhali shi ne a bakin mutuwa.

Kafin ka biya kuɗi, tambayi abu ɗaya: za a sa ni in gwada da hannuna? Kwas na intanet yana da sauƙi ga mai aikin dare, amma tallafar wuya da ɗaure ƙafa mai tsartuwar jini ba a koyonsu a waya. Ka kuma tambaya ko NMCN za ta lissafa shi wajen sabunta lasisi, domin ba kowane take karɓa ba.