Katakon cikin motarka ya karce ko ya ɓantare? Ga abin da za ka duba kafin ka kashe kuɗi

Kafin ka sayi komai dai, malam, ka fara sanin ko abin nan da ke jikin dashbod da gefen giya katako ne na gaske ko roba ce da aka yi wa zanen katako, don maganin ɗaya shi ne ajalin ɗayan. Irin su Marsandi V-Boot da manyan Lexus katako ne na gaske, amma fa ba gungume ba ne, ɓawo ne siriri da bai kai milimita 1 ba, an manna shi kan wani abu mai ƙwari sannan aka zuba masa ruwan ƙyalli mai kauri a kai. Lexus LS 400 da ta fito a 1989 ma kamfanin Yamaha masu yin fiyano ne suka yi mata aikin katakon. Amma yawancin Camry da Accord da muke ja roba ce, zanen a sama kawai yake, kana goga sanfefa ka wuce shi sai ka ga baƙar roba ta leƙo, kuma shi ke nan ba ya dawowa. Hanya mafi sauƙi ta gane wanne ne naka ita ce ka kalli zanen ƙofar dama da ta hagu da kyau ka ga ko zane ɗaya ne ke maimaita kansa irin na roba, ko ka ciro guda ɗaya ka juya bayansa.

To sai zurfin ciwon. Ja farcenka a kan karcen. In bai maƙale ba, karcen makulli ne ko zobe a saman ƙyallin, folish ɗin jikin mota mai laushi da tsumma mai taushi sun ishe ka, a hankali, kar ka sa inji a wajen nan don zafi na iya lalata shi. Wannan shi ne mafi arha kuma gaskiya mutane da yawa nan ya kamata su tsaya. Sai dai in naka irin sabon yayin nan ne mara ƙyalli da kake jin hatsin itacen da yatsa, kar ka kai masa folish sam, zai bar tabo mai sheƙi a wajen.

Inda aikin yake shi ne ɓantarewa, wajen da ƙyallin ya ɓalle ya bar ɗan rami fari-fari a gefe, galibi kusa da giya ko wajen ajiye kofi. Nan zaɓi uku ne a kasuwa. Akwai jan farce mara kala, yana rufe ƙaramin rami amma yana shanyewa ya lotsa, kuma ba ya jure zafin motar da ta wuni a rana. Akwai sufa gulu, wanda ni shi nake zaɓa wa ramin da bai fi ƙwayar shinkafa ba, ka ɗiga da tsinken sakace ɗigo ɗaya ka bari ya bushe sosai ka ƙara wani har ya ɗan taso sama da sauran, sannan ka zagaye wajen da salatif ka goge da sanfefa mai lamba 1500 da ruwa, ka koma mai lamba 2000, ka ƙarasa da folish. Amma ka bar gilasai a buɗe, tururinsa na barin farin hazo a kan roba da ke kusa, kuma in ya ɗiga kan kujerar fata ka shiga uku. Na uku shi ne gam ɗin nan mai tiyub biyu da ake haɗawa, ya fi dacewa da rami babba ko kusurwa, sai dai ka tabbata garai yake ba mai ruwan toka ba, kuma wasu suna komawa ruwan ɗorawa in rana ta daɗe tana dukansu. In launin ƙasan ma ya tafi, sai ka fara taɓa shi da alƙalamin gyaran kayan katako, ka ɗauki wanda ya ɗan fi haske don yana ƙara duhu in gam ya hau.

Tsagewa kuma, irin dogayen layukan nan da ke bin ƙyallin, wannan ba aikin ɗigo ba ne. Zafi ne ke jawo ta, itacen da ƙyallin ba sa buɗewa da tsukewa tare, sai na saman ya fashe. Duk wanda ya ce maka zai ɓatar da ita da folish kuɗinka kawai yake so. Ko dai a cire tsohon ƙyallin gaba ɗaya a fesa sabon kiliya mai hadina, wato ruwan ƙyalli da ake haɗawa da sinadarin da ke sa shi ya sandare, wanda aikin ƙwararren mai fenti ne da abin rufe hanci na kirki don iskarsa guba ce, kuma ka nemi ya nuna maka wanda ya taɓa yi domin ɓawon siriri ne, hannu mai nauyi zai cinye shi. Ko kuma ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka nemo na tokumbo. Ni a ganina ga wajen giya ko maɓallin gilas wannan ya fi, amma ka tafi da naka a hannu ku gwada launi a rana, don rana ta riga ta kwashe launin naka, kuma mota iri ɗaya tana zuwa da itace kala-kala. Ka juya bayansa ka ƙirga kunnuwan da ke riƙe shi ko akwai karyayye, ka kuma tabbata ba daga mota mai sitiyarin dama ya fito ba irin na Ingila ko Japan, sau da yawa ba ya zama.

Sitika mai zanen katako ita ce ta ƙarshe. A kan roba da zanenta ya riga ya tafi ba laifi, ta fi barin ta haka, amma a kan katakon gaske wallahi asara ce, ga gefenta yana ɗagowa da zafi.

Wajen cirewa kar ka bari a sa sukundireba, a nemi abin ɓanɓara na roba. Kar tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ta taɓa na roba, narkewa yake. In kuma na sitiyari ne, a bar shi a jiki a gyara, ko a kai wa wanda ya san aikin jakar iskar nan ta cikin sitiyari (airbag) ya cire batir kafin ya taɓa.