Run a Child Flow ko HTTP: wanne zai kai ka muhallin aiki lafiya?

Ɗan'uwa, ka ce kana da fulo uku, wato jerin matakan aiki masu gudana da kansu, a Power Automate na Microsoft: ɗaya yana karɓar buƙatar sayen kaya daga jerin SharePoint, ɗaya yana neman amincewar shugaban sashe, na uku yana aika wa ma'aji takarda ta imel. Kana so su riƙa kiran juna, sannan ka kwashe su daga muhallin gwaji zuwa muhallin aiki. Wani ya ce ka yi amfani da Run a Child Flow, wani ya ce HTTP ya fi. In dai duka ukun naka ne, kuma wuri ɗaya za su zauna, ɗauki na farko.

Babban bambancin yana wajen yadda uwa, wato fulon da ke kira, take gane ɗanta, wato fulon da ake kira. A Run a Child Flow, uwar tana riƙe lambar shaidar ɗan ne, lambar kuma tana bin solushan, wato kunshin da ake haɗa fulo a ciki don kwashewa, duk inda aka kai shi. A HTTP kuwa adireshi take riƙewa, wanda yake fitowa bayan ka adana fulon da ya fara da When a HTTP request is received. Adireshin nan na muhalli ɗaya ne tak. Da ka shigar da solushan a muhallin aiki ɗan zai samu sabon adireshi, uwar kuma tana nan rungume da tsohon. Abin haushin, ba za ta yi ƙorafin komai ba. Za ta ci gaba da kiran ɗan da ke muhallin gwaji, alamar kore ta fito a tarihi, buƙatar sayen janareta ta gaske ta je ta faɗa jerin gwaji, ma'aji yana zaune yana jiran takardar da ba za ta zo ba. Ga shi kwana 28 kawai ake ajiye tarihin gudanar fulo. In ba a farga da wuri ba, har shaidar ma ta goge.

Akwai magani, ba a ce babu ba. Kada ka rubuta adireshin a cikin uwar, ka sa shi a Environment variable, wato gurbin ajiye saiti, kowane muhalli da nasa. Sai dai ba za ka san sabon adireshin ba sai ɗan ya isa can. Wato ka shigar, ka buɗe ɗan, ka kwafo, ka liƙa a gurbin, sannan ka kunna uwar. Aikin hannu ne, kuma ranar da aka yi shi cikin gaggawa ranar ake mantawa. Ƙari a kan haka, adireshin ba mallakinka ba ne. A 2025 Microsoft ta sauya adiresoshin irin waɗannan fulo daga logic.azure.com zuwa sabon tsari, ta ba da wa'adin ƙarshen watan Nuwamba. Masu HTTP sai da suka bi fulo ɗaya bayan ɗaya suna sauyawa. Masu Run a Child Flow ko a jikinsu.

To amma shi ma Run a Child Flow yana da sharuɗɗansa, kuma a nan yawancin mutane suke tuntuɓe. Uwa da ɗa dole su kasance cikin solushan, in son samu ne guda ɗaya, muhallin kuma ya zama yana da Dataverse, rumbun bayanan Microsoft da solushan ke zama a kai. Fulon da ke zaune a My flows ba zai ma nuna maka wannan mataki yadda ya kamata ba. Ɗan zai fara da Manually trigger a flow, ya ƙare da Respond to a Power App or flow, ko da kuwa ba abin da zai mayar sai kalmar "an gama". Sannan ga wanda ya fi cin mutane: buɗe shafin bayanin ɗan, can gefen dama akwai Run only users, danna Edit. Za ka ga a gaban SharePoint da Outlook an rubuta Provided by run-only user. Sauya kowanne zuwa Use this connection. In ba ka yi ba, uwar za ta ƙi adanuwa, ta ce 'ya'ya ba sa aiki sai da mahaɗin (connection, asusun da fulo ke shiga SharePoint ko Outlook da shi) da aka dasa musu.

Wannan ƙaramin sauyi yana da bayansa. Daga yanzu duk imel ɗin da ɗan ya aika zai fita ne da sunan mai mahaɗin, ba da sunan wanda ya cika buƙatar ba. In asusunka ka sa, ma'aji zai riƙa amsa maka kai, ranar da ka bar wurin aka rufe asusun kuma komai ya tsaya cak. Roƙi masu kula da tsarin su buɗe asusun aiki na musamman, a ɗaura mahaɗan a kansa ta Connection reference, wato gurbin da ke nuna wa solushan mahaɗin da zai yi amfani da shi. Fulon HTTP ma da mahaɗin da aka dasa yake aiki, don haka wannan shawara ta shafe su duka.

Wajen kunnawa akwai tsari: ɗa kafin uwa. In ka ga ChildFlowNeverPublished bayan shigarwa, ba wani abu ne ya lalace ba, ɗan ne ba a taɓa kunnawa a wannan muhalli ba. Kunna shi, ka dawo kan uwar.

Ta fuskar tsaro tazarar tana da faɗi. Ɗan da ake kira ta Run a Child Flow ba shi da ƙofar da ta buɗe waje. Adireshin HTTP kuwa, in aka bar Who can trigger the flow a kan Anyone, yana ɗauke da sa hannunsa a jikinsa, wancan dogon rubutun da ke bayan sig. Kamar mabuɗin shago ne da aka bari a jikin kwaɗo: duk wanda ya samu adireshin, ko a hoton allo ne da aka tura neman taimako, zai iya tayar da fulon. Za ka iya taƙaita shi ga mutanen ma'aikatarku, amma daga nan sai uwar ta nemo shaida daga Entra ID, tsarin tantance masu shiga na Microsoft, kafin kowane kira, ƙarin aiki ke nan.

Kuɗi ma magana ce. Matakin HTTP da mai karɓarsa duka na Premium ne, wato masu buƙatar lasisi na daban, farashin da Microsoft ta wallafa dala 15 ga mutum ɗaya a wata, lasisin Process kuma, wanda ake ɗora wa fulon ba mutum ba, dala 150 a wata. Run a Child Flow a karan kansa ba ya jawo wannan, muddin ɗan bai taɓa mahaɗin Premium ba, SharePoint da Outlook da Approvals kuwa duk na gama-gari ne. Wurare da yawa ma sun toshe HTTP gaba ɗaya a dokar kare bayanai, ka tambaya kafin ka ɓata dare kana gini.

Lokaci fa? Kiran da ake tsayawa jiran amsarsa daƙiƙa 120 gare shi, shugaban sashe kuwa zai iya kwana uku bai buɗe saƙon ba. Akwai Asynchronous response a saitin matakin amsa, amma ni a wannan wuri ba zan bar uwa tana jira ba sam, tun da kowace gudana kwana 30 ne iyakarta. Ɗan amincewa ya amsa nan take cewa ya karɓa, ya ci gaba da jiransa, in hukunci ya fito ya rubuta a ginshiƙin matsayi na SharePoint, shi ya kira fulon ma'aji.

Ina HTTP ya fi? Inda kiran zai tsallake iyaka: daga wani muhalli zuwa wani, daga wata ma'aikata, daga shafin intanet, ko daga manhajar lissafin da ba ta Microsoft ba. Nan Run a Child Flow ba ya kaiwa, babu zaɓi. Naka uku ba su tsallake komai ba.

Saboda haka haɗa su a solushan ɗaya, adireshin shafin SharePoint da sunan jerin su shiga Environment variable, domin su ma za su iya yi maka irin wancan shirun na rubutu a jerin gwaji. Fitar da solushan a Managed, wato salon da aka tanada don muhallin aiki. Bayan shigarwa leƙa Run only users na kowane ɗa, ka tabbatar bai koma yadda yake ba. Sai ka cika buƙata ɗaya ta sayen biro da takarda, ka duba wane jeri ta faɗa da kuma sunan wa imel ɗin ya fita.