Bwat ɗin HZJ75: a kwance a gyara, ko a sayo okaziyo?

Alhaji, ka ce kat-kat ɗinka, Toyota Land Cruiser samfurin HZJ75 mai injin 1HZ, tana zare giya ta biyar da kanta a hanyar Abalak, in ka ɗaga ƙafa daga totur kuma sai ka ji "kwas" a ƙarƙashinka. Kana tambaya wanne ya fi, a kwance bwat, wato akwatin giya, a gyara nan Tahoua, ko a sayo okaziyo, wato wadda aka riga aka yi aiki da ita, daga Yamai a ɗora. Kafin ka fitar da ko dala, a fara buɗe taransfar, akwatin da ke bayan bwat mai raba ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya, ita za ta raba gardama.

Bwat ɗin motarka samfurin H55F ce. Sandar bayanta tana shiga cikin taransfar, a kanta akwai siraran haƙora da ke riƙe giyar farko ta taransfar. In notin ƙarshen sandar ya saki, giyar sai ta riƙa wasa tana cin haƙoran, galibi nan ne "kwas" ɗin ke fitowa. Bakanike ya zare giyar ya duba: in kan haƙoran na nan da faɗinsa, alhamdulillahi. In sun yi tsini kamar bakin wuƙa, ga jan tsatsa kamar garin barkono, sai an sauya sanda da giya tare, domin sabuwar giya a kan cinyayyar sanda ba ta daɗewa.

Gyara yana cin kwanaki, amma ka san abin da ke cikin motarka. A sauya rulma duka, wato boris ɗin da sanduna ke juyawa a kai, da sinkoro, zoben da ke daidaita shigar giya, da duk juwan, robobin da ke hana mai yoyo, a duba zoben giya ta biyar da cokalin da ke tura shi, tunda su ne kan sa ta zarewa. A cire rulma da abin jawo ta, a matse sabuwa da injin matsi. Wanda ya ɗauko guduma da kurfi, karɓe kayanka. Kada a baje kayan a ƙasa cikin ƙurar Tahoua, a kan tebur mai tsabta, a rufe da ƙyalle.

Juwan ɗin da ke tsakanin bwat da taransfar shi na fi ji wa tsoro. In ya mutu, man taransfar yana hayewa cikin bwat, ita kuwa ta bushe ba ka sani ba har sandar tsakiyarta ta ƙone. Gwajin ba wuya: tsayar da mota a wuri shimfiɗaɗɗe, kwance murfin zuba mai na bwat. In mai ya tunkuɗo waje, na taransfar kuma yatsa bai taɓo shi ba, to shi ne. Bwat tana ɗaukar lita 4.9, taransfar 2.2. Wasu kan haɗa murafen biyu da tiyo don man ya riƙa komawa, dabara ce mai kyau bayan an sa sabon juwan.

Okaziyo kuwa sauri ne amfaninta, yini guda an ɗora. Sai dai an bar ƙera HZJ75 tun 1999, wadda za a sayar maka ma tsohuwa ce, mai yiwuwa da irin ciwon taka. Kuma ba kowace H55F ke shiga ba: ta injin 3B ko 2H sandar gabanta daban ce, don haka ka je da farantin kulocinka a gwada, a auna tsawo. A buɗe murfin sama ka ga haƙora da idonka, a tace sauran man a farin ƙyalle a ga ko da ɓarɓashin ƙarfe. Mai kaya ya ƙi, bar masa abinsa.

A ganina, muddin jikin bwat bai tsage ba, giyoyi kuma ba su karye ba, gyara ya fi, ko da za a sayi sabuwar sanda. Okaziyo sai in ɓarnar ta kai can, ita ma a sauya mata juwan kafin ta hau.

In mota ta tashi, H4 da L4, inda ƙafafu huɗu ke ja, na rairayi ne da laka, domin ba ta da difaransiyal na tsakiya, abin da ke barin ƙafafun gaba da na baya su juya da gudu daban. Da ka hau kwalta, koma H2, inda ƙafafun baya kaɗai ke ja, ka mayar da makullan ƙafafun gaba kan Free. In ka ɗauko lodi mai nauyi kuma, zauna a giya ta huɗu, ita ce ke wucewa kai tsaye, ka bar ta biyar sai mota ba kaya.