Aikin yara a wasan gina ƙauye: tsarin Dwarf Fortress ko na RimWorld?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, wanda yake haɗa ƙaramin wasan kwamfuta da mai wasa zai riƙa tafiyar da ƙauyen manoma irin namu, ya ce yaran da ake haifa a wasan nasa ba su da abin yi sai cin abinci da zagaya gidaje har su girma. Yana son ya ba su aikin da zai amfani ƙauyen, amma yana gudun kada wasan ya koma fagen bautar da yara. Ya ji cewa Dwarf Fortress da RimWorld duk sun shiga wannan batu, shi ne yake tambayar wanda ya fi dacewa ya yi koyi da shi.

Ɗan'uwa, shawarata ita ce ka gina a kan tsarin RimWorld, ka aro tsarin jerin ayyuka daga Dwarf Fortress, sannan ka ƙara wata dabara guda daga wani tsohon wasa da zan ambata nan gaba.

Dwarf Fortress, wasan tafiyar da garin wadanni wanda 'yan'uwa biyu Tarn da Zach Adams suka fara fitarwa a 2006, ya daɗe da matsala irin taka. Baƙin da suke zuwa zama a garin wadannin sukan taho da yara da yawa, kuma kowane yaro yana ci, yana sha, yana buƙatar tufafi da wurin kwana. A da yaro yana zama babba a shekara 12, amma a fitowar da aka yi a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a watan Disamba na 2022 an ɗaga shekarun zuwa 18, wanda dogon lokaci ne ƙwarai a wasan da gari kan iya rushewa kafin ya kai haka. Sai aka kawo tsarin ƙananan ayyuka: yaro yana iya ɗaukar dutse da itace da abinci, ya kai ruwa, ya yi shara, ya yi tatsa, ya ciyar da marasa lafiya, ya kwashe tarkace, har ya kai gawa makwancinta. Akwai shafi guda inda mai wasa zai kunna ko ya kashe kowane aiki shi kaɗai, ko kuma ya cire wani yaro daga aikin gaba ɗaya. Amfanin a fili yake, domin duk kayan da yaro ya ɗauka ya sauke wa maƙeri ko magini nauyin barin sana'arsa ya tafi dako.

Raunin tsarin shi ne yawancin waɗannan ayyuka dako ne, kuma dako ba sana'a ce da ake ƙwarewa a kanta ba a wasan. Yaron da ya shekara goma yana jigilar duwatsu zai kai shekara 18 bai san ƙira ko sassaƙa ba saboda wannan aikin. Sai dai akwai wuri ɗaya da wasan ya yi abin da ya cancanci yabo. Wadanni suna da tunani da tuna baya, kuma ganin gawa yana jefa su cikin damuwar da take taruwa, har tana iya sauya halin mutum. Saboda haka masu wasa da yawa, da zarar sun kafa gari, sukan kashe wa yara aikin binne gawa da kwasar tarkace. Haka kuma yaron da aka bari ya fita waje ɗauko itace yana iya faɗawa hannun masu satar yara daga cikin abokan gaba. Ba a rubuta wa mai wasa wa'azi ba, amma sakamakon da yake gani da idonsa ya koya masa cewa akwai aikin da bai dace da yaro ba.

RimWorld ya zo da yara ne a ƙarin da ake kira Biotech, wanda kamfanin Ludeon ya fitar a watan Oktoba na 2022, kuma tambayar da ya yi wa kansa daban ce. Maimakon ya tsaya kan abin da yaro zai yi wa gari yau, ya duba irin mutumin da yaron zai zama. Jariri yana zama yaro a shekara 3, ya zama babba a shekara 13, kuma ayyuka suna buɗe masa a hankali: ɗaukar kaya da shara tun daga shekara 3, noma daga shekara 7, bincike kuwa sai ya kai 13. A gefe guda yana da wata buƙata ta koyo, kamar yadda yake da buƙatar abinci da barci. Ana cika ta ta hanyoyi da dama: ya zauna a teburin karatu wani babba ya koyar da shi, ya bi mai sana'a yana kallon yadda yake aiki, ya yi zane a ƙasa, ya yi guje-guje a daji, ya kwanta yana kallon sama, ko ya yi hira ta rediyo. Gwargwadon cikar wannan buƙata, gwargwadon makin girman da yake tarawa. Idan ya kai shekara 7 da 10 da 13, wasan yana tsayawa ya ba mai wasa damar zaɓar masa hali da sana'o'in da zai ƙaunata. Yaron da ya tara maki da yawa yana samun zaɓi mai faɗi, wanda aka hana wa lokaci kuwa ba ya samun sabuwar sha'awar sana'a, kuma zaɓin halinsa ya ƙuntata.

Idan aka ajiye su kusa da juna, bambancin yana wurin farashi. A Dwarf Fortress aikin yaro kusan kyauta ne muddin an kauce wa gawa da hatsari, don haka babu abin da zai sa mai wasa ya yi tunani sau biyu. A RimWorld kowace sa'a da yaro ya yi yana dako an ɗebe ta ne daga lokacin da zai yi koyo, kuma mai wasa ne zai biya bashin idan yaron ya girma ba shi da ƙaunar kowace sana'a. Wannan ne yake mayar da batun ya zama shawara ta gaske. Lokacin girbi, hadari ya taso, amfanin gona yana waje, sai ka sa yaran su kwashe; da abubuwa sun lafa sai ka sake su. Wani abu kuma da ya kamata ka lura da shi, ɗan'uwa, shi ne saurin girma. Shekarar RimWorld kwana 60 ce, kuma a tsarin da wasan yake zuwa da shi yara suna girma da sauri ninki huɗu, ta yadda shekaru goman da suke tsakanin 3 da 13 suna wucewa a cikin kwana 150 na wasa. Mai wasa yana ganin sakamakon tarbiyyarsa tun bai gaji ba. Idan jira ya yi tsawo kamar na Dwarf Fortress, duk ladar da ka ajiye a ƙarshe ba za ta shiga lissafin mai wasa ba.

Idan ƙarfinka na rubuta manhaja bai kai na RimWorld ba, Banished, wanda Luke Hodorowicz ya yi shi kaɗai ya fitar a 2014, yana da sauƙaƙƙen salon wannan ciniki. Yaro ya kai shekara 10, idan babu makaranta sai ya zama lebura nan take. Idan akwai sai ya zama ɗalibi na wasu shekaru, gari yana ciyar da shi, daga baya ya fito yana samar da kaya fiye da wanda bai yi karatu ba. Maƙeri mai ilimi yana fitar da kayan aiki biyu daga ƙarfe da itacen da maras ilimi zai fitar da ɗaya. Ban so ka tsaya a nan ba, domin zaɓin nasa ko karatu zalla ne ko aiki zalla, kuma ba haka rayuwar ƙauye take ba. Frostpunk na 2018 shi ma ya mai da batun doka: ko a sa yara aiki, ko a gina musu matsuguni daga baya su zama masu koyon aikin jinya ko na injiniya. Amma shi an yi shi ne don ya sa zuciyar mai wasa ta yi nauyi, kai kuma ba wannan kake nema ba.

Tsohon wasan da na yi alkawari shi ne Virtual Villagers, wanda ya fara fitowa a 2006. A cikinsa yaro ba ya aikin manya sai ya kai shekara 14, amma akwai abin da shi kaɗai yake iya yi: laimar kwaɗi irin wadda ake ci takan tsiro nan da can a tsibirin, kuma yaro ne kawai zai iya tsinko ta ya kai rumbun abinci. A farkon wasa, lokacin da abinci yake ƙaranci, wannan tsintuwa tana taimakawa sosai. Dabarar ƙarama ce, amma ta warware abin da manyan wasannin biyu ba su warware ba, domin a cikinsu yaro babba ne mai ƙaramin ƙarfi, a nan kuwa yana da matsayin da babu mai maye masa.

Tunda ƙauyen Hausawa kake ginawa, wannan dabara tana da tushe na gaske a wurinka. Masaniya Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda matan da suke cikin kulle suka dogara da yara wajen aike da cefane da kai saƙo, domin yaro yana shiga gidan da aka rubuta wa baligi "ba shiga". A wasanka, yaro zai iya zama mai haɗa gida da gida: ya kai tuwo maƙwabta, ya kai wa masu noma abinci gona, ya dawo da labarin wanda ba shi da lafiya, kuma zumuncin gidaje ya riƙa ƙaruwa ko raguwa gwargwadon wannan zirga-zirga. Ga korar tsuntsaye daga gero idan ya fara nuna, ga kalar gyada bayan an cire, ga kiwon awaki a bayan gari, ga rainon ƙane idan uwa tana daka. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya ɗaukar darasin RimWorld: mai kiwo ya tara sanin dabbobi, wanda yake zuga zugazugi a maƙera ya tara sanin ƙira, mai raino ta tara haƙuri da sanin jinya. Da haka aiki da koyo suka zama abu ɗaya a wasu sa'o'i, a wasu kuma suka yi karo, musamman idan ka sa makarantar allo da ta boko a jadawalin rana.

Game da tsoronka na bautar da yara, Yarjejeniya ta 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1973, ta bambanta aiki mai sauƙi da sauran ayyuka da sharuɗɗa biyu: kada ya cutar da lafiyar yaro ko girmansa, kada kuma ya hana shi makaranta. Waɗannan biyun suna juyuwa su zama ƙa'idojin wasa cikin sauƙi. Ka raba ayyukan kamar yadda Dwarf Fortress ya yi, kowanne da maɓallinsa, ka hana yara masu hatsari kwata-kwata, irin su shiga rijiya da feshin maganin ƙwari. Ga sauran kuma ka sa iyakar sa'o'i: ƙasa da ita yaro yana koyo yana jin daɗi, sama da ita gajiya ta fara cin makin girmansa, iyayensa kuma su fara nuna rashin jin daɗinsu ga mai gari. Talla ita ce za ta fi ba ka wahala, domin tana kawo wa gida kuɗi na gaske kuma tana cin lokacin karatun 'ya'ya mata na gaske, kuma ina ganin ya fi kyau ka sa ta da ribarta da hasararta duka a bayyane, a kan ka ɓoye ta.

Da ni ne kai, zan fara da ayyuka uku kawai, wato aike da korar tsuntsaye da kiwo, in ba wa wasu mutane su gwada. Idan kowa ya cika wa yaran aiki daga safe zuwa dare, farashin da ka sa ya yi araha, sai ka ƙara shi. Idan babu wanda ya taɓa sa su aiki ko a tsakiyar girbi, ya yi tsada, sai ka rage.