Dutse mai rai ya koɗe a sabon tanki: a kashe fitila ko a bar ta?

Ɗan'uwa, ka ce dutsen da ka saya ya zo da launin shunayya da ruwan hoda, amma mako biyu da sa shi a sabon tankin ruwan gishiri ya fara fari. Wasu sun ce ka kashe fitila, wasu sun ce ka ƙara ta.

Launin nan ba na dutsen ba ne. Shi dutsen ƙashin murjani ne da ya daɗe da mutuwa, bakteriya da ƙananan halittun da ke zaune a jikinsa ne suka sa ake ce masa mai rai. Wata gansakuka ce mai tauri, wadda ake kira koralin, take lulluɓe shi, tana gina ɓawonta da kalsiyam. In ta mutu sai launin ya tafi, farin ɓawon ya rage. Sau da yawa tun a hanya take jigata, don ta sha iska a cikin kwali, ta iso kuma ta tarar da amoniya, gubar da abubuwa masu ruɓewa ke saki a ruwa, na hawa.

Masu cewa a kashe fitila suna da hujja. Bakteriyar da kake jira ta yaɗu, wadda ke mayar da amoniya naitirait, naitirait kuma naitiret, ba ruwanta da haske. A duhu za ta yi aikinta cikin mako huɗu zuwa shida yadda aka saba, kuma koren gansakuka mai gashi ba zai samu sarari ba. Sai dai koralin da haske take rayuwa. Tana jure ƙarancinsa fiye da sauran, amma makonni a duhu ƙirin za su ƙarasa wadda ta riga ta galabaita.

Barin fitila kuwa yana riƙe ragowar koralin, tare da sauran ƙananan halittun da suka maƙalo a dutsen. Kuɗinsa shi ne ƙazanta. Abubuwan da ke ruɓewa suna sakin fosfet da naitiret, haske ya haɗu da su, sai ka wayi gari ka ga wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi, ka goge da safe ta dawo da yamma. Dayatom ke nan, silika take ci, kuma takan tafi da kanta in silikar ta ƙare. Mai cika tanki da ruwan famfo ko na burtsatse maimakon tataccen ruwan RO/DI shi zai fi daɗewa yana fama da ita. Ƙara ƙarfin fitila dai kada ka soma: sabuwar LED a ƙure tana koɗar da koralin cikin 'yan kwanaki.

A ganina, da busasshen dutse ka saya, duhun ya fi. Amma tunda launin ka biya wa kuɗi, bar fitila ƙasa-ƙasa, shuɗin ya rinjayi farin, awa huɗu ko biyar a rana. Ka auna ruwan kuma, don nan ne yawanci matsalar take ɓuya: gishiri 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, kalsiyam ppm 400 zuwa 450, alkaliniti (ƙarfin ruwan na hana kansa tsami) dKH 8 zuwa 11, magniziyam wajen ppm 1300, zafi digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Celsius. Na ƙarshen nan ba ƙaramin aiki ba ne lokacin bazara, musamman in an ɗauke wuta.

Ciro dutsen ka shinshina. Fari mai tauri da ƙanshin teku, koralin ce kawai ta mutu, dutsen na nan da ransa. Wuri mai laushi, baƙi ko fari, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mataccen soson teku ne, wata halitta da ke maƙalewa a dutsen. Kankare shi da tsohon buroshin haƙori a cikin bokitin ruwan gishiri, sannan ka canza wani kaso na ruwan tankin.

Koralin da ta mutu ba za ta farfaɗo ba. Sabuwa ce za ta tsiro, ɗigo-ɗigo masu ruwan hoda, galibi a jikin injin juya ruwa da gilashi tukuna, kuma sai an yi watanni. Kifi kam ya jira sai amoniya da naitirait duk sun koma sifili.