Hattara da mai tallar sensar filawil ga masu tsofaffin Fijo da Bitil

Jama'a masu riƙe da tsofaffin motoci, musamman Fijo 404 da 504 da 505 masu kafireta, da Bitil, da tsohuwar Marsandi, ku yi hattara da wani talla da yake yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na makanikai. Mutumin yana sayar da abin da ya kira cikakken kayan wuta na zamani: sensa da za a ɗaura kusa da filawil (babban faifan ƙarfen da yake juyawa tsakanin inji da kulochi), da wani baƙin akwati, da tarin wayoyi. Ya ce da zarar an sa, an rabu da kontak (ɗan makunnin wutar fulogi da yake cikin distiribita) da kondensa har abada, shan mai zai ragu da rabi, kuma kayan suna shiga kowace irin mota. Sunan shafinsa yana canjawa, lambar wayarsa ma haka, don haka kawo su nan ba zai tsare kowa ba. Hoton kayan da kalaman tallar su ne ba sa canjawa. Ni rewaya ne a Kaduna, kuma motocin da aka sa wa kayan nan sun fara shigowa garejinmu, wasu da ƙafarsu, wasu a ɗaure da igiya.

Abin da ya sa tallar take kama mutane shi ne biri ya yi kama da mutum. Duk mai 504 ya san wahalar kontak: ya cinye, ya ƙone, tazararsa da ya kamata ta tsaya wajen milimita 0.4 ta buɗe ko ta rufe, ga kondensar kasuwa ta yanzu da ba ta da ƙarko. Tun 1975 da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, motocin nan suka cika Arewa, har yau akwai masu neman abinci da a-kori-kura, akwai kuma masu riƙe da motar mahaifinsu suna lallaɓa ta. Son a rabu da kontak ba wauta ba ce. Akwai kayan gaskiya da suke yin haka: Pertronix na Amurka da Lumenition na Ingila ana sa su a cikin distiribita a madadin kontak, 123ignition na ƙasar Holan kuma distiribita ce sukutum mai kwamfuta a ciki. Masu son wutar da ake ɗauka kai tsaye daga karanshaf sun daɗe suna haɗa tsarin EDIS na motocin Ford da akwatin Megajolt. Hotunan irin waɗannan kayan ne mutumin nan yake liƙawa a tallarsa. Abin da yake turowa dabam ne.

Sensa ita kaɗai ba ta ba da wuta. Aikinta ta ji ƙarfe yana wucewa ta gabanta, ta aika saƙo. Kafin saƙon ya zama mai amfani, sai akwatin ya san daidai lokacin da fistin ya hau sama ƙarshe, wato tof. Shi ya sa ake yin faifai na musamman mai haƙora da giɓi. Na Ford haƙora 36 ne aka cire ɗaya, kowane haƙori digiri 10. Na Bosch 60 ne aka cire biyu, kowanne digiri 6. Giɓin nan shi yake gaya wa akwatin inda injin yake a juyinsa. To haƙoran da suke jikin filawil ɗin 504 ko Bitil na kik ne, sun haura ɗari, duk girmansu ɗaya, ba giɓi ko ɗaya. Sensar da aka ɗora a kansu za ta iya sanin saurin injin, amma ba za ta taɓa sanin tof ba. Ko kamfanonin da suka yi amfani da haƙoran kik, kamar BMW da Porsche a tsarin Motronic na shekarun 1980, sensa biyu suka sa, ɗaya tana ƙirga haƙora, ɗaya tana jiran wani ɗan ƙarfe da aka kafa a filawil don ya zama alama.

Na kira mutumin kamar mai son saye. Na ce, "Malam, akwatin naka haƙora nawa yake karantawa?" Ya ce, "Oga, atomatik ne, shi yake gane kansa." Na tambaye shi sensar mai waya biyu ce ko mai uku, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Mai waya biyu ita take haifar da ɗan lantarkinta, idan aka juya wayoyinta taimin, wato lokacin zuwan wuta, ya goce, kuma tana son waya mai rigar kariya don kada wutar fulogi ta rikita ta. Mai waya uku sai an ba ta wuta kafin ta yi aiki. Akwatin da aka yi wa ɗaya ba lallai ya karɓi ɗayar ba. Har muka gama magana bai tambaye ni wane inji ne a motata ba, lambar asusu kawai ya turo.

Hanya biyu na ga ana bi da mutane. Ta farko ita ta fi ba ni haushi, domin mai motar yakan tafi yana godiya. Yaron da mai kayan yake turowa ya ɗaura zai huda gidan kulochi, ya ɗaure sensar, ya maƙala akwatin a inda ido zai gani, ya naɗe wayoyi da salatif. A ɓoye kuma ya sa sabon kontak mai araha a cikin distiribita, ya goge fulogai. Mota ta tashi da kik ɗaya, Alhaji ya ce lallai kaya sun yi. Kontak ɗin ne yake aikinsa kamar kullum. Da muka fasa irin wannan akwatin, baƙin gam ne cike da shi, da guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu, wayoyin kuwa a cikin gam ɗin suka ƙare. Sensar ma ta Beljiyam ce, an ciro ta daga wata motar zamani an wanke.

Hanya ta biyu ita ce mai kashe inji. A nan akwatin yana da ɗan abu a ciki, irin ƙaramin modul ɗin da yake kunna koyil ya kashe. Sai a manna maganaɗisu biyu a jikin filawil da gam, sensa ta riƙa jin su, a cire kontak. Motar za ta tashi, amma wutar ta tsaya a wuri ɗaya. Injin fetur ba ya son haka. A silo wutar takan zo digiri kaɗan kafin tof, wajen 10 ko ƙasa da haka, idan aka taka totur sai ta riƙa yin gaba har ta kai wajen 30 ko fiye, saboda mai yana buƙatar lokacin ƙonewa, fistin kuma ba ya jira. A tsohuwar distiribita wasu ƙananan ƙarafa masu sifirin ne suke buɗewa su yi wannan aikin, tare da ɗan gwangwanin iskar da yake jikinta. Da zarar an mayar da ɗaukar wuta kan filawil, ƙarafan nan ba su da sauran tasiri a kan taimin, dole akwatin ya ɗauki aikinsu. Akwatin mutumin nan bai san da zancen ba. Idan yaron ya saita wutar don silo ya yi kyau, motar za ta rasa ƙarfi a kan titi, ta yi zafi, salansa ya yi ja, bawul ya ƙone. Idan ya kai ta gaba don ta yi gudu, da safe injin zai riƙa mayar da kik baya, a kan hawa kuma ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ita take huda fistin. Wata 504 da aka jawo mana daga hanyar Zariya haka muka same ta da muka ɗaga kan injin.

Shi kansa filawil ba abin wasa ba ne. A juyi 3,000 a minti yana zagayawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ga zafin kulochi da ƙura da baƙin mai. Gam ba ya riƙe maganaɗisu a nan, kuma ƙananan maganaɗisun kasuwa ƙarfinsu yana raguwa da zafi. Wanda ya ɓalle ko dai ya fasa sensar ko ya shiga tsakanin haƙoran kik. Wasu da suka ga gam ya ƙi sai su koma walda ko huji ba awo, filawil ya rasa daidaito, injin ya kama rawa, beyarin su fara ci. Masu yin aikin da gaske sun fi ɗaura faifan a fulin gaba, inda za a iya gani, a juya shi a kan injin leda mai fere ƙarfe ya zauna daidai, a yi wa sensar mariƙi mai kauri da ba ya motsi, a bar tazarar kamar milimita ɗaya. Kuma duk wanda ya ce a zare distiribita a toshe ramin, a dakatar da shi tukuna. A tsofaffin injuna da yawa ta wannan hanyar ce famfon baƙin mai yake samun juyi.

Maganar rage mai da rabi kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Wuta mai kyau tana dawo da abin da lalataccen kontak ya ɓatar, iyakarta ke nan. Kafireta ce take auna mai.

Yadda yake karɓar kuɗi ma ya isa a gane. Sai an biya duka kafin ya ba direban tasha kayan, sunan da yake kan asusun ba shi ne sunan da ya gaya maka ba, ba shago, ba rasit, garanti a baki. Idan ka kira da ƙorafi zai ce koyil ɗinka ne bai dace ba, yana da wanda ya dace, ka ƙara kuɗi. Akwai gaskiya a cikin maganar koyil, domin idan aka auna da mita, na kontak yakan kai om 3, na lantarki ƙasa da om ɗaya, kuma haɗa su ba daidai ba yana ƙona modul. Amma mai kayan kirki tun kafin ka biya zai faɗa maka. Bayan kira na biyu ko na uku sai ka ga an toshe lambarka.

Wanda aka riga aka sa wa, gwajin ba wuya. Ka tayar da motar, ka zare soket ɗin sensar. Idan injin ya ci gaba da aiki, kontak ne yake ba ka wuta, kuɗinka kawai aka ci. Idan ya mutu, ka nemi mai fitilar taimin ya haska alamar taimin da take jikin fuli ko filawil yana taka totur a hankali. Alamar ta riƙa matsawa yayin da juyi yake ƙaruwa. In ta tsaya cak, kada ka hau babban titi da motar sai an mayar da tsohon tsari. Wannan gwajin na fitila shi za ka nema a gaban idonka daga duk mai sayar da kayan wuta, a kan motar da ya riga ya sa wa, kafin ka fitar da ko sisi.

Wanda ya tura kuɗi ya adana shaidar turawa da hirarsu ta WhatsApp, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Kada kunya ta hana, ƙwararrun direbobi ma sun faɗa. Sannan ku lura da yaron da yake zuwa ɗaurawa. Yakan ce tsohuwar distiribita da koyil sun zama shara, ya musanya su da na kasuwa, ya jefa na asalin a buhunsa. Distiribitar asali ta 504, ko da ta tsufa, ana gyara ta, kuma samunta yanzu a Panteka ko Ƙofar Ruwa sai an sha yawo. Duk abin da aka kwance daga motarka, a sa maka shi a but kafin kowa ya bar wurin.