Ciwon kunci gefe guda: na haƙori ne ko na jijiya?

Wata 'yar uwa ta yi tambaya kan mahaifiyarta: an cire mata turame biyu na dama amma ciwon kuncin yana nan, ko alwala ta zo yi sai ta dafe fuska.

Malama, kafin a sake taɓa wani haƙori, ku lura da yadda ciwon ke zuwa wa Hajiya.

Na haƙori zugi ne, yana ɗaukar mintuna ko awanni. Shayi mai zafi, ruwan sanyi ko zaƙi ke tayar da shi, ya fi tsanani in an kwanta, kuma in likita ya ƙwanƙwasa haƙorin sai an zabura. Paracetamol da ibuprofen na lafar da shi kafin a yi ciko, a wanke jijiyar haƙorin, ko a cire. In kumburi ya gangaro ƙasan haɓa har haɗiya ta yi wuya, asibiti a ranar.

Na jijiya, wanda likitoci ke kira trigeminal neuralgia, fizga yake kamar wayar lantarki ta ja mutum. Daga daƙiƙa kaɗan zuwa minti 2 ya saki, sai ya dawo. Abin da ke tayar da shi ba ya taka kara ya karya: shafa ruwa, asuwaki, tauna, iskar hunturu. Ya fi kama waɗanda suka haura 50, musamman mata. Yawanci jijiyar jini ce ke danne jijiyar fuska a gindin ƙwaƙwalwa, ciwon ya bi reshen da ke zuwa muƙamuƙi. Shi ya sa ake ɗora wa haƙori laifi, a cire shi a banza.

Bayaninki ya fi kama da na biyun, kuma magungunan ciwo na kemis ba sa taɓa shi. Carbamazepine ake fara bayarwa, maganin farfaɗiya ne asali. Likita kan fara da miligiram 100 sau ɗaya ko biyu a rana, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali, don in aka yi gaggawa jiri da barci kan kayar da tsofaffi. Ana kuma gwada jini saboda yana rage gishirin jiki. Ƙuraje ko gyambon baki suka fito, a koma wurin likita nan take.

A nemi hoton MRI, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, musamman in fuskar ta fara mutuwa (ba a jin taɓi) ko ciwon ya kama gefe biyu. In magani ya gaza, akwai tiyatar da ake raba jijiyoyin biyu.